Ɗan Jonatan Yana Lodebar

Karatu: 2 Sama'ila 1:17-27 da 9:1-13

Gaisuwa ga na gida da na gona, da waɗanda suke kwance a asibiti an ajiye musu rediyo kusa da kai, da direbobin da suke kan hanya a wannan sa'a. Ina kuma gai da maƙwabtanmu Musulmi, gama na sani da dama a cikinku kuna sauraron wannan fili, maganar yau kuwa ta shafe ku kamar yadda ta shafe mu.

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki a kusa, ya buɗe littafin Sama'ila na biyu, ya sa yatsa ɗaya a sura 1, ɗaya kuma a sura 9. A takarda surorin nan biyu suna kusa da juna, amma shekaru masu yawa ne a tsakaninsu. A sura 1 Dawuda yana kuka domin abokinsa. A sura 9 yana cigiyar ɗan abokinsa.

Ga yadda abin ya faru. Filistiyawa suka yi yaƙi da Isra'ila a Dutsen Gilbowa. Rana ɗaya sarki Saul ya mutu tare da 'ya'yansa uku, Jonatan yana cikinsu. Dawuda ba ya wurin, yana Ziklag can kudu. A rana ta uku sai ga wani mutum da tufafi a kece da ƙura a ka, ya kawo labarin. Dawuda da mutanensa suka yayyage rigunansu, suka yi kuka, ba wanda ya sa abinci a baki sai da rana ta faɗi. Bayan wannan ne Dawuda ya tsara waƙar makoki, ya kuma ba da umarni a koya wa mutanen Yahuza ita, domin kada a manta.

Ni ma ina da wani Jonatan. Ba zan faɗi sunansa ba, gama matarsa tana da rai, 'ya'yansa kuma ba sa so a riƙa nuna su da yatsa. Waɗanda suka san shi za su gane shi. Mun haɗu a kwalejin tauhidi a Bukuru muna samari, ɗakinmu ɗaya, fitilarmu ɗaya. Helenanci ya ba shi wuya ƙwarai, ya kan ce haruffan sun yi kama da sawun kaji a kan yashi. Amma in ana maganar mutane ce, duk ajinmu ba kamarsa. Daga baya aka tura mu aiki a gunduma ɗaya, muka yi shekara 9 tare, shi a wata ikkilisiya ta ƙauye, ni a gari. Ba a taɓa fara taron fastoci yana wurin ba. Kullum shi ne na ƙarshen isowa, kullum kuwa da dalili: ya tarar da wata tsohuwa da dammin itace ya kai ta gida a babur, ko ya tsaya wurin wani wanda tayarsa ta fashe. Shugaban gundumarmu ya tsauta masa har ya gaji. Yana da ɗan littafi a aljihun gaba, cike da sunayen marasa lafiya, na ikkilisiyarsa da waɗanda ba nata ba.

Ran Talata, 20 ga watan Mayu 2014, ya shigo Jos domin ya sayi ƙusoshin rufin majami'a da takalman makaranta na yaransa. Ku da kuka san Taminus kun san yadda wurin yake. Tun da babbar kasuwa ta ƙone a 2002, 'yan kasuwa suka baza kayansu a bakin titi, masu tumatir, masu gwanjo, masu takalma, ga motocin haya, ga masu turin baro, ba masaka tsinke. Wajen ƙarfe uku na yamma bam na fari ya tashi. Abokina yana cikin wani shagon kayan gini da ɗan nisa, ko ƙwarzane bai samu ba. Mai shagon, wani Alhaji wanda suka daɗe suna ciniki, ya riƙe hannunsa ya ce, "Fasto, zauna nan tukuna." Ya ce, "Alhaji, riƙe mini jakar nan, ina zuwa." Ya nufi wajen hayaƙin.

Bayan kamar rabin sa'a bam na biyu ya tashi. Waɗanda suka shirya abin nan sun yi lissafi. Sun sani in na fari ya tashi, masu tausayi za su taru su ɗauki waɗanda suka ji rauni, sai suka ajiye na biyu dominsu. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 118 ne aƙalla suka mutu. Mako biyar ke nan bayan sace 'yan matan Chibok da bam na tashar Nyanya, ƙasa duka tana cikin tsoro. Muka yi ta yawo daga asibiti zuwa asibiti, Jankwano, asibitin Filato, asibitin koyarwa, muna buɗe mayafi muna rufewa. Sai ran Alhamis muka same shi. Matarsa ce ta gane agogon hannunsa.

Ranar ta'aziyya Alhajin nan ya yi tambaya har ya iso ƙauyen, da jakar a hannu. Takalman yara suna ciki, da ƙusoshin, da canjin kuɗinsa daidai. Ya zauna a kan tabarma tare da mu, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Yanzu mu koma ga waƙar Dawuda. In ka karanta ta daga aya 19 zuwa 27 a hankali, za ka lura da wani abin mamaki. Babu sunan Allah a cikinta ko sau ɗaya. Dawuda ne fa, mai Zabura, wanda bakinsa bai saba rabuwa da sunan Ubangiji ba. Amma a nan bai yi wa'azi ba, bai bayyana dalilin da ya sa Allah ya yarda abin ya faru ba. Ya yabi jaruntakar matattu, ya tuna da ƙaunar abokinsa, sau uku yana maimaita mamakinsa a kan faɗuwarsu, shi ke nan. Ruhu Mai Tsarki kuwa bai ga laifin waƙar ba, ya bar ta cikin Littafi domin mu.

Na faɗi wannan ne saboda wata al'ada da ta shigo mana. Mutum yana cikin zafin rashi, sai mu taru a kansa muna cewa, "Daina kuka, kai mai bi ne. Ina bangaskiyarka?" Na ji an faɗa wa matar abokina haka tun gawar mijinta ba ta shiga ƙasa ba. 'Yan'uwa, wannan ba koyarwar Littafi ba ce. Manzo Bulus, a 1 Tasalonikawa 4:13, bai hana baƙin ciki ba, irin baƙin cikin da ba bege a cikinsa ne ya hana. Sa'ad da aka jejjefi Istifanas, Ayyukan Manzanni 8:2 ya nuna mana masu tsoron Allah ne suka binne shi, su ne kuma suka yi masa babban makoki. Ubangijinmu da kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. In ka je gidan makoki ba ka san abin da za ka faɗa ba, zauna kawai. Ɗebo ruwa, share tsakar gida, riƙe jariri. Ya fi dogon bayani.

Akwai wata magana kuma wadda na sha ji, har daga bakin abokan aikinmu: "Da bai koma ba, da yana nan." Gaskiya ne. Jami'an tsaro suna gargaɗi cewa in abu ya fashe a nisanci wurin, gama akan ajiye na biyu, ni ma ina roƙonku ku ji wannan gargaɗi. 'Yan kallo ba su da abin yi a irin wannan wuri. Amma ba zan yarda a kira abin da ɗan'uwana ya yi wauta ba. Ya ji kukan mata a cikin wuta, yana da ƙafa biyu da hannu biyu. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana makara a taro domin ya tsaya wa na bakin hanya, yaya za a yi ya zauna a shago ranar? Mai dasa bam na biyu ba rayuka kaɗai yake nema ba. So yake ya koya mana cewa tausayi hatsari ne, kowa ya yi ta kansa. Ranar da muka haddace wannan darasi, ya ci nasara ko bai ƙara dasa kome ba.

Ku lura kuma inda Dawuda ya zuba fushinsa. Yana da fushi, ba shakka. Amma a kan duwatsun Gilbowa ya sauke shi, ya yi musu baki kada su ƙara ganin ruwan sama ko raɓa. A cikin waƙar duka babu inda ya kira mutane su ɗauki makami. Har Saul, wanda ya yi shekaru yana farautar ransa, bai ambaci muguntarsa ko ɗaya ba. Na sani wani mai karatu zai ce, ai ya sa an kashe Ba'amaleken da ya kawo labarin. Haka ne. Amma mutumin nan da bakinsa ya ce shi ya ƙarasa sarki, hukunci kuwa a kansa shi kaɗai ya tsaya. Dawuda bai aika a ƙone unguwar kowa ba.

Ranar jana'izar abokina matasa sun cika da fushi, na ga idanunsu. Mu mutanen Filato mun san inda irin wannan fushi yake kai mu, mun gani a 2001, mun gani a 2008 da 2010. Abin da na tambaye su shi ne zan tambaye ku: a kan wa za ku rama? A kan Alhajin da ya kawo jaka? Waɗanda muka buɗe mayafinsu a ɗakunan ajiye gawa, Kirista ne da Musulmi, kwance gefe da gefe. A Nuwamba na shekarar nan aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, mutum fiye da 100 suka mutu suna salla. A watan Yuli 2015, cikin azumi, aka kai hari masallacin 'Yantaya a nan Jos. Hukunta mai laifi aikin hukuma ne, muna da iko mu matsa mata ta yi shi, kada kuwa mu gaji da matsawa. Ramuwa kuwa, Romawa 12:19 ya ce a bar wa Allah ita.

To, kuka ya wuce, an share makoki, baƙi sun watse. Sai me? A nan ne nake so mu daɗe kaɗan.

Jonatan ya bar ɗa, sunansa Mefiboshet. 2 Sama'ila 4:4 ya ba mu labarinsa cikin aya ɗaya tak. Yana da shekara 5 sa'ad da labarin mutuwar ubansa da kakansa ya iso. Mai renonsa ta sure shi za ta gudu, cikin gaggawa ya faɗi, ya gurgunce. Yaron nan bai je Gilbowa ba, bai ga Bafiliste ko ɗaya ba, amma yaƙin ya karya masa ƙafafu yana gida. Ba a lissafta shi cikin waɗanda suka faɗi a yaƙi ba. Haka yake a yau. An ce mutum 118, amma wa ya ƙidaya waɗanda labarin ya karya a gida? Autan abokina yana aji ɗaya na firamare a lokacin. Takalman nan da aka saya masa, ya ƙi sa su sam, har suka yi masa kaɗan. Ya yi shekaru in taya ta fashe a titi sai ya shige ƙarƙashin gado. Irin wannan gurguntaka ba a ganinta da ido.

Ina aka kai Mefiboshet? Lodebar, a hayin Urdun, nesa da fada, gidan wani mutum mai suna Makir ɗan Ammiyel. Ba wanda ya yi wa Makir waƙa, amma shi ya ci da yaron shekara da shekaru. Allah ya sa wa irin su Makir albarka. Suna nan a cikinmu: 'yar'uwar uwa wadda ta ƙara yara uku a kan nata biyar, shugaban makarantar da ya kau da kai ga kuɗin da ba a biya ba, matan zumunta masu kai mudun masara da dare domin kada kowa ya gani.

Mu ikkilisiya mun iya jana'iza. Mawaƙa za su zo da riguna iri ɗaya, manyan baƙi za su karɓi lasifika su yi alkawari, "Mun ɗauki nauyin karatun yaran nan." Jama'a su tafa. Bayan wata shida fa? In mamacin fasto ne, gidan da iyalinsa suke ciki na ikkilisiya ne, sabon fasto kuwa yana hanya da nasa iyali. Albashi ya tsaya. Wani lokaci dangin miji su zo su kwashe babur da gona, su bar mace da yara da tukwane. Ta koma garin iyayenta, ko ta kama ɗaki ɗaya a bayan gari tana suyar ƙosai. Lodebar ke nan. Kowace shekara kuwa za a tuna da mijinta a majami'a, a kira shi jarumin bangaskiya, ba wanda ya san inda 'ya'yansa suke kwana.

Dawuda ya yi waƙa mai kyau, amma ba waƙar ce ta cika alkawarinsa ba. A 1 Sama'ila sura 20 Jonatan ya sa shi ya rantse cewa ba zai janye alherinsa daga gidansa ba. Sai a 2 Sama'ila sura 9 muka ga cikar rantsuwar, sa'ad da Dawuda ya tambaya ko akwai sauran wani na gidan Saul. Ku duba tsawon lokacin. Ya yi shekara 7 da wata 6 yana sarauta a Hebron, sa'an nan ya koma Urushalima, ya yi yaƙe-yaƙe. Yaron da ya faɗi yana da shekara 5, yanzu har ya haifi nasa ɗa, Mika. Lokaci ya tafi ƙwarai. Duk da haka Littafi bai ce ya makara ba. Wannan ya ƙarfafa ni, gama an yi fiye da shekara 10 da harin Taminus, wani zai ce kunya ba za ta bar shi ya je yanzu ba. Tafi. Zumunta a ƙafa take. Kuma Dawuda ne ya yi cigiya, bai jira gurgu ya rarrafo ƙofar fada ba. Gwauruwa mai mutunci ba za ta zo tana roƙonka ba.

Da aka kawo Mefiboshet, abu na fari da Dawuda ya yi shi ne ya kwantar masa da hankali, gama a zamanin nan sabon sarki ya kan shafe zuriyar tsohon sarki. Sa'an nan ya yi masa abu biyu. Ya mayar masa da gonakin kakansa duka, ya sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su noma masa. Wato ba sadakar yini ɗaya ya ba shi ba, abin dogara ya ba shi, haƙƙinsa ne kuma tun asali. Dattawan ikkilisiya, in dangi sun ƙwace gonar marayu, aikinku ne ku je ku zauna da su, in ta kama har gaban mai unguwa ko hakimi. Buhun shinkafa na Kirsimati ba ya maimakon wannan.

Abu na biyu, ya ba shi wurin zama a teburinsa. Sau huɗu surar ta ambaci cin abincin nan tare da sarki. Mai gona da barori 20 ba ya rasa tuwo, ashe ba domin yunwa ba ne. Domin ya zama ɗan gida ne. Ni kuwa ina tsammani, ko da yake Littafi bai faɗa ba, a wurin cin abincin nan ne Mefiboshet ya ji ko wane ne ubansa. Me yaro ɗan shekara 5 zai tuna? Dawuda ne ya san yadda Jonatan ya tuɓe rigarsa ya ba shi, da yadda ya bi shi har jeji a Horesh ya ƙarfafa shi.

Mu da muka yi karatu tare da ɗan'uwan nan mun haɗa kai a kan kuɗin makarantar yaransa, Allah kuwa ya taimaka, babbar ta gama karatun aikin jinya. Amma ran da autan ya zo hutu gidana, ya riga ya zama saurayi, ba kuɗi ya tambaya ba. Muna cin abinci sai ya ce, "Baba, yaya muryar babana take?" Na ajiye cokali. Na ba shi labarin sawun kaji a kan yashi, da makara a taro, da ɗan littafin aljihu. Ya yi dariya, dariyar kuwa ta ubansa ce sak, har matata ta fito daga madafa ta tsaya tana kallonsa. Duk abin da ya sani a dā shi ne yadda ubansa ya mutu. Kowa ya gaya masa wannan. Ba wanda ya gaya masa yadda ya rayu.

Kai mai sauraro, wataƙila naka Jonatan ba a Jos ya faɗi ba. Wataƙila a Madalla ne ranar Kirsimati ta 2011, ko a Kano, ko Mubi, ko Maiduguri, ko a gonarsa a wani ƙauye wanda jarida ba ta taɓa rubuta sunansa ba. Wataƙila abokin cinikinka ne Musulmi, rumfarku ɗaya. Yakubu 1:27 da ya yi maganar kula da marayu da gwauraye bai ce a fara tambayar addininsu ba. Ka san inda 'ya'yansa suke yau? Wane aji suke? Wa yake biya? Dawuda ya sami Ziba ya tambaya. Kai ma akwai wanda ya sani, in ka yi cigiya cikin makon nan.

Kada kuma mu yi wannan da girman kai, gama mu ma daga Lodebar aka ɗauko mu. Ba don kirkinmu muke zuwa teburin Ubangiji ba, albarkacin wani ne, wato Yesu, wanda ya ga wutar da muke ciki bai tsaya daga nesa ba.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, kai ka san sunan kowane ɗaya da ya faɗi a Taminus, har waɗanda aka binne ba a gane su ba. Ka ta'azantar da matar bawanka da 'ya'yansa. Ka tuna da Alhajin da ya riƙe amanar jaka, ka sa wa gidansa albarka. Ka ƙarfafa waɗanda suke renon marayun da ba nasu ba. Ka ba masu mulki zuciyar yin shari'ar gaskiya. Waɗanda suke ƙulla irin wannan mugunta kuwa, ka tsai da hannunsu, ka juyo da su kamar yadda ka juyo da Shawulu a hanyar Dimashƙu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya kai mu.